Furojet a ajin lissafi: da gaske yana sa yara su iya warware matsala?

Wata malamar lissafi da ke koyar da 'yan JSS 2 ce ta turo min wannan tambayar, na ɗan taƙaita ta: "Malam an kai mu bita an ce mu rage cika allo da fomula, mu riƙa ba yara furojet, wato aiki na zahiri da za su ɗauki kwanaki suna yi a rukuni, wai shi ke sa su iya warware matsalar lissafi da kansu. Ni kuma yarana 78 ne a aji ɗaya, firiyod minti 40, ga silabus ga jarrabawa na jira. Tsakani da Allah abin nan yana aiki ko ɓata lokaci ne kawai?"

Malama sannu da fama, Allah ya ba da lada, wanda bai taɓa tsayawa gaban yara 78 da alli a hannu ba ba zai gane abin da kike nufi ba. Amsata ita ce eh yana aiki, na gani da idona shekara da shekaru, amma fa ba komai yake gyarawa ba, kuma wallahi in dai yadda wasu masu bita ke faɗa za a yi shi, wato ki ba yara aiki ki koma gefe ki zuba musu ido, to gara ki ci gaba da allonki. Bari in bi miki shi daki-daki.

Farko mu fahimci juna kan me ake nufi da warware matsala, don a nan ake yawan cakuɗa abu biyu. In kika yi misali a allo, kika sauya lambobi kika ce su yi guda goma irinsa, wannan atisaye ne, yana da amfaninsa sosai zan dawo kansa, amma yaro ya riga ya san hanya, bi kawai yake. Matsala ita ce wadda yaro zai tsaya gabanta ya yi shiru bai san ta ina zai kama ba. Wani masanin lissafi ɗan asalin ƙasar Hungari, George Polya, ya fitar da ɗan littafi a 1945 a kan wannan, ya ce mai warware matsala matakai huɗu yake bi, ya gane me ake tambaya, ya tsara hanyar da zai bi, ya bi ta, sannan ya waiwayo ya duba ko amsar ta shiga hankali. To ki dubi ajinmu da gaskiya. Matakin farko littafi ya yi wa yaro, ya tace masa lambobin da yake buƙata ba ƙari ba ragi. Na biyu ma an yi masa tunda kan babin ya riga ya gaya masa yau rabawa ake ko riba da faɗuwa. Na huɗu kuma jan biron malama ne ke yi. Saura na uku kaɗai, shi muke ta horar da su a kai tun daga aji ɗaya na firamare har SS 3, shi ya sa in kika karanta rahoton manyan masu makin WAEC za ki ga suna ta maimaita kuka ɗaya, yara ba sa iya mayar da tambayar da aka rubuta da zance zuwa lissafi.

Kuma kar ki ɗauka ciwon namu ne mu kaɗai. A wata jarrabawar ƙasa da aka yi wa 'yan shekara 13 a Amurka farkon shekarun 1980 an tambaye su: sojoji 1,128 za a kwasa, kowace bas tana cin mutum 36, bas nawa ake buƙata? Kusan kashi 70 cikin ɗari sun yi rabawar daidai, amma kashi 23 ne kacal suka ce bas 32. Kashi 29 cewa suka yi "31 saura 12". Bas 31 saura 12 kuma? Duk ɗan kamasho a tasha ya san sai an ƙaro mota ɗaya wa mutum goma sha biyun nan. Yaran sun iya rabawa, abin da suka rasa shi ne tuna cewa maganar mutane da motoci ake yi. Wannan gurbin shi furojet ke cikewa, in an yi shi da kyau.

Bari in ba ki wanda na yi da 'yan JSS 3 wata damina, don gani ya kori ji. Makarantar da nake lokacin tana fama da ruwa, kullum sai an sayi jarka a wajen 'yan garuwa, ga ruwan sama yana zuba daga kwanon ajinmu yana bin ƙasa. Na shiga aji da safe bayan ruwan dare na ce musu, da a ce mun tare duk ruwan da ya sauka kan rufin ginin nan jiya, jarka nawa za mu samu, kuma wane girman tanki ya kamata mu roƙi makaranta ta saya? Ban ba su lamba ko ɗaya ba. Suka yi cirko-cirko, wani ya ɗaga hannu ya ce Malam ba ka rubuta tambayar ba. Na ce tambayar kenan. Kusan minti goma ba abin da ake sai hayaniya, kuma a nan ne yawancinmu malamai muke karaya mu ba da hanya, ni ma zuciyata ta yi ta raya min in rubuta musu fomula a huta, na daure dai. Can sai wata yarinya ta ce ai sai mun san yawan ruwan da ya sauka tukuna, wani ya ce da girman rufin. Kin ga su da bakinsu suka fitar da abin da ake buƙata, abin da littafi ya saba tauna musu ya sa musu a baki.

Yadda za a auna ruwan sama ya zama wani rikicin. Muka tsaya kan gwangwani mai miƙaƙƙen gefe da aka cire masa murfi gaba ɗaya, kowane rukuni ya kawo nasa, wani na madara babba wani na tumatir ƙarami, aka jera su a fili nesa da bishiya da bango, muka roƙi baba mai gadi ya kula mana da su saboda awaki. Nan ma gardama ta tashi, masu ƙaramin gwangwani suka ce an cuce su, babba zai fi tara ruwa. Na ce a bari a gani. Bayan kwana uku aka samu ruwa mai kyau, da safe suka tsoma rula, babba da ƙarami duk wajen santimita 2, bambancin ɗan kaɗan ne. Babban ya fi yawan ruwa tabbas, amma zurfin ɗaya ne. Na sha rubuta "faɗin ƙasa sau tsayi" a allo ba adadi, amma ban taɓa ganin abin ya zauna a kan yara kamar safiyar nan da suka tsuguna suna leƙa gwangwanaye ba.

Sai rufi. Maza suka ce a nemo tsani su hau, na hana. Wani yaro da babansa kafinta ne ya ce ai ko an hau ma rufin a karkace yake, to wanne za mu auna, kwanon ko ƙasan da ya rufe? Wannan tambayar ko a SS 1 sai an yi tunani. Muka ɗauki kwali muka karkata shi ƙarƙashin butar da aka huda, suka ga in ruwa na saukowa a miƙe, iya filin da rufin ya yi wa inuwa shi ne lissafi, karkacewar ba ta ƙara komai. Kuma ga shi ɗigar ruwan kwanon ta riga ta zana mana layi a ƙasa zagaye da ginin, shi suka bi da igiya, tsawo mita 18, faɗi mita 8.

Yanzu ga wurin da nake so ki riƙe. Wani rukuni suka mayar da komai santimita, 1,800 sau 800 sau 2, suka samu 2,880,000, shugabansu ya miƙe da alfahari ya ce lita miliyan biyu da dubu ɗari takwas da tamanin. Da a takardar jarrabawa ne haka zai rubuta ya ja layi biyu a ƙasa ya wuce. Kafin in buɗe baki wata yarinya daga wani rukunin, wadda ba ta cika magana a aji ba, ta ce "ina! tankar mai da ke wucewa ta titi lita 33,000 aka rubuta a jikinta, kenan daren jiya tanka sama da tamanin ta juye a kan rufinmu? ai da mun tashi ba makarantar." Aji ya ɗauki dariya, yaron ya koma ya zauna suka sake dubawa, suka gano abin da suka samu santimita mai kubik ne, sai an raba da 1,000 kafin ya zama lita. Lita 2,880. Jarka mai lita 25 kuma 115 da ɗan ɗigo, kuma ba wanda ya ce min jarka 115.2 ba tare da ya yi bayanin cewa ta ƙarshen ba ta cika ba. Daga baya suka lura gefe ɗaya na rufin ne kawai za a iya sa wa indararo cikin sauƙi, suka raba biyu, 1,440, wani ya ce ruwan farko ai datti ne da kashin tsuntsu sai an zubar, a ƙarshe suka rubuta wa firinsifal takarda suna ba da shawarar tanki mai lita 2,000 da dalilansu.

Abin da yarinyar nan ta yi shi ne mataki na huɗu na Polya, waiwaye, kuma ba ni na koya mata ba, ruwan ne na gaske, ta san girman tanka ta san girman rufi, hankalinta ya ƙi karɓar amsar. To a abin da na gani, tasirin furojet ya fi fitowa a irin waɗannan wuraren: yaro ya iya zaƙulo abin da ake buƙata daga cikin tarkace, ya zaɓi hanya da kansa, ya ji a jikinsa in amsa ta yi wauta, sannan ya iya daurewa minti goma gaban abin da bai gane ba ba tare da ya ajiye biro ya ce ba a koya mana ba. Wannan na ƙarshen ni ya fi min komai daraja, don yawancin yaranmu sun ɗauka duk tambayar da ba ka gane hanyarta cikin minti ɗaya ba to ba taka ba ce.

Akwai bincike da ya yi daidai da wannan. Wata mai bincike kan koyar da lissafi, Jo Boaler, ta bi ɗalibai wajen 300 a makarantu biyu a Ingila tsawon shekara uku, daga shekara 13 zuwa 16, cikin shekarun 1990, yawancin yaran 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne kuma sun fara da ƙoƙari kusan ɗaya. Makaranta ɗaya da ta laƙaba wa suna Amber Hill littafi da allo take bi, ɗayar da ta kira Phoenix Park kuma furojet ake ba yara na sati biyu ko uku, sai dab da jarrabawa aka koma musu atisayenta. Da aka yi jarrabawar ƙasa ta GCSE 'yan furojet ba su faɗi ƙasa ba, waɗanda suka samu sakamako a cikinsu ma sun fi yawa, kuma sun fi ƙarfi a tambayoyin da ke son tunani. 'Yan littafin sun fi su zama a nutse suna aiki a aji, amma da tambaya ta zo da wata siga daban sai su rasa wace doka za su ɗauko cikin tulin da suka haddace. Sai dai makarantu biyu ne kacal, kar mu ɗora wa binciken kayan da ya fi ƙarfinsa, kuma ita kanta ta rubuta cewa a makarantar furojet ɗin akwai yaran da ke ɓata lokaci sosai suna hira.

Ɗaya ɓangaren kuma, wanda ba a cika faɗa a bita ba. A 2006 wasu masana uku, Kirschner da Sweller da Clark, suka fitar da rubutu mai zafi suna cewa barin sabon koyo ya gano abu da kansa ba ja-gora ba ya aiki. Hujjarsu mai ƙarfi ce, ƙwaƙwalwar mutum abubuwa kaɗan take iya riƙewa tana juyawa a lokaci guda, yaron da har yanzu 7 sau 8 sai ya zana sanduna ya ƙirga, duk ƙarfinsa a nan zai ƙare, ba sauran wurin tunanin rufi da tanki. Irin wannan yaron misali da aka warware masa mataki-mataki ya fi masa amfani da farko. Sannan a 2016 gidauniyar Education Endowment Foundation a Ingila ta fitar da sakamakon gwajin furojet da aka yi da 'yan ajin farko na sakandare, karatu da rubutu aka auna ba lissafi ba, kuma makarantu da yawa sun fice kafin a gama don haka sakamakon bai da ƙarfi sosai, amma dai ba a ga ci gaba a fili ba, kuma alamu sun nuna 'ya'yan talakawa ne suka ja baya. Wannan ya dame ni don na ga irinsa a ajina, yaron da ke da yayye masu karatu a gida furojet yana ɗaga shi, wanda ba shi da kowa kuma in ba a kula ba sai ya zama ɗan riƙe igiya har a gama.

Furojet na farko da na taɓa bayarwa ma asara ce, har yau ina jin ciwon sati ukun nan. Cewa na yi su gina gida da kwali bisa sikeli, wato a rage awon gida na gaske bisa lissafi, suka kawo gidaje masu kyau, fenti da labule har da 'yar mota a gareji, kowa ya zo ya gani ya yaba. Da na yi musu gwaji kan sikeli yawancinsu ba su iya ba, ashe da ido suka yanka kwalin, lissafin da ke cikin aikin bai kai na minti goma ba. Tun daga ranar na kafa wa kaina doka: in yaro zai iya gama aikin ba tare da ya yi lissafin da nake so ya koya ba, to aikin hannu ne na ba shi, in canza.

Wani abin kuma da mutane ke ɗauka yana faruwa da kansa alhali ba haka ba ne, wato wai in yaro ya iya abu a zahiri zai iya shi a takarda. A birnin Recife na Brazil, wasu masana, Carraher da Schliemann da abokin aikinsu, sun fitar da bincike a 1985 kan wasu 'yan yara biyar masu sayar da kaya a titi, a bakin ciniki suna samun kusan kashi 98 cikin ɗari daidai, da aka rubuta musu lissafin nan dai a takarda tsurarsa sai suka sauko wajen kashi 37. Wani yaro an tambaye shi kuɗin kwakwa huɗu, kowace a kan 35, ya ce 140 da ka, aka ba shi 35 sau 4 a takarda ya rubuta 200. A 2025 ma mujallar Nature ta buga wani babban bincike da su Abhijit Banerjee da Esther Duflo suka yi a Kolkata da Delhi na Indiya, yaran kasuwa gwanaye a ciniki suna faɗuwa lissafin makaranta, 'yan makaranta masu cin jarrabawa kuma suna rikicewa a lissafin kasuwa. Kin san su Malama, suna ajinki, yarinyar da ke tallan awara da yamma ba a taɓa cutarta ko naira biyar a canji, da safe kuma ta ci 3 bisa 20 a riba da faɗuwa. Kan nata lafiya lau, hanyar da ke tsakanin farantin tallan da allon ce ba wanda ya taɓa bi da ita.

Shi ya sa a wurina ranar da ta fi muhimmanci a furojet ita ce ranar bayan an gama. Bayan aikin tankin nan firiyod biyu cur na ɗauka a allo, na ce to abin da muka yi da rufi da gwangwani sunansa kaza, ga yadda ake rubuta shi, faɗin ƙasa sau tsayi, ga dalilin da mita mai kubik ɗaya ta zama lita 1,000, yanzu in tankin zagayayye ne kamar duro fa, in rijiya ce fa, sannan na kawo tsofaffin tambayoyin BECE, jarrabawar kammala JSS 3, muka yi ta yi har ya zauna, kowa shi kaɗai da littafinsa. In kika tsallake wannan, yara za su tuna ranar da aka auna ruwa da daɗinta, lissafin kuma ya bi ruwan. Wani mai bincike, Manu Kapur, ya gwada irin wannan jerin a makarantun Singafo tun wajen 2008, a bar yara su yi kokawa da matsala tukuna ko da sun kasa, sannan malami ya zo ya koyar yana ɗorawa kan hanyoyin da suka gwada, ya samu sun fi fahimta kuma sun fi iya kai ilimin ga sabuwar tambaya. Amma ki lura koyarwar tana nan, baya kawai aka mayar da ita.

To yara 78 da minti 40 fa? Ni dai ba na wuce furojet ɗaya a zango, na kamar sati biyu, sauran lokacin koyarwa ce da atisaye yadda kika saba, kuma ina zaɓar babin da ke cikin silabus ɗin zangon don kar ya zama ƙarin kaya. Duk ajin aiki ɗaya suke yi, kar ki yarda ki ba rukuni 15 aiki 15 daban-daban, ba za ki iya bi ba, kuma daɗin abin ma shi ne a samu amsoshi mabambanta kan tambaya ɗaya a yi gardama. Rukuni kar ya wuce mutum biyar ko shida. Tef ɗin awo ɗaya ya isa, ki sa kowane rukuni su yanki igiya su ƙulla ta mita-mita da shi, wannan kansa darasi ne. Awo a waje ki nemi firiyod biyu a haɗe ko lokacin tara, lissafin kuma a cikin aji. Don maganin 'yan rakiya, tun ranar farko ina gaya musu ni zan zaɓi wanda zai yi wa rukuni bayani kuma ba zan faɗa ba sai ranar, sai ki ga gwanin rukunin ya zauna yana koya wa na baya don kar a kunyata su, sannan kowa ya kawo rahotonsa na shafi ɗaya da hannunsa, shi nake sa wa maki a CA, wato makin aikin cikin zango, kuma makin hanya da dalili ya fi na amsa yawa. Waɗanda ninkawa ke ba wuya kuma kafin a fara ina ɗaukar minti biyar na farkon kowane darasi muna jadawalin sau, in ba haka ba su ne za a bari a baya.

Maganar harshe ma kar ki raina ta. Ki bar su su yi gardamarsu da Hausa a cikin rukuni, tunani ya fi gudu a harshen da yaro ke mafarki da shi, da na tilasta Turanci ranar nan da yarinyar tanka ba ta buɗe baki ba. In an zo rubutawa sai a koma Turanci tunda da shi za a yi jarrabawa, ki taya su ɗaura kowace kalma a kan abin da suka riga suka taɓa da hannu.

Ayyukan kuwa suna nan zagaye da ke ba sai an sayi komai ba. In rani ne ba ruwa, bulo nawa za a buƙata a toshe katangar makaranta da ta faɗi, su auna bulon da kansu su tuna da kaurin siminti tsakani da waɗanda za su fashe. Ko ki gayyato magini ya nuna musu yadda yake daidaita kusurwar fandisho da awon 3 da 4 da 5, sannan ki ce su gano me ya sa yake aiki, ƙa'idar lissafi ta Pythagoras kenan ta shigo da ƙafarta. Tsayin bishiya ko hasumiyar masallaci da inuwa da sanda. Jarin zoɓo, nawa aka kashe, gora nawa za a sayar kafin a mayar da uwar kuɗi. Wanda na fi so a babin ɓangarori shi ne rabon gado tare da malamin addini, mamaci ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza biyu da mata uku ba iyaye, matar ta ɗauki sumuni, ragowar bakwai bisa takwas a kasa bakwai tunda namiji rabon mace biyu ne, sai yara su ga kowace 'ya ta tashi da ɗaya bisa takwas kowane ɗa biyu bisa takwas, in suka tara kuma ya cika cif. Ai shi kansa al-Khwarizmi da ya rubuta littafin da aljabara ta samo sunanta a Bagadaza wajen shekara ta 820, a gabatarwarsa cewa ya yi don buƙatar mutane ya rubuta, gado da wasiyya da ciniki da awon ƙasa da haƙar magudanan ruwa, kuma babban kaso na littafin lissafin wasiyya da gado ne.

Tunda 'yan JSS 2 gare ki lokaci na hannunki, ba a fafe gora ranar tafiya, in an kai SS 3 zango na biyu ni kaina ba na ba da furojet, tsofaffin takardun WAEC muke ci. Kafin ki fara komai ina so ki yi min wani ɗan gwaji gobe, minti biyar ne. Akwai tambayar da masu bincike a Turai suka daɗe suna ba yara kuma mafi yawansu suna faɗawa: makiyayi yana da tumaki 125 da karnuka 5, shekarunsa nawa? Ki rubuta ta a allo fuskarki ba wasa, kowa ya amsa a 'yar takarda ba shawara. Za ki ga masu 130, masu 120, da masu 25 waɗanda suka gwada tarawa da ɗebewa suka ga ba mai irin wannan shekarun sai suka raba. Ki ƙirga nawa ne suka rubuta cewa ba za a iya sani ba, ki adana takardun kar ki yi musu faɗa, ki dai tattauna da su. Ƙarshen zango bayan kin yi furojet ɗinki ki ba su wata mai kama da ita da wani labarin daban, ki haɗa da ta bas ɗin nan ki mayar da ita 'yan biki da Hiace mai cin mutum 18, ki sake ƙirgawa. Ki turo min lambobin biyu in Allah ya kai mu, da aikin da kika zaɓa, sai mu duba tare inda za a gyara a zango na gaba.